Hannuna da Kajin Hajo

Duk wanda ya san ni, Habsu, a kasuwar Guci ya san ba a rantsuwa da maganata. In na ga ɓera sai in ce na ga ɗan akuya, in aka yi yayyafi in ce ruwa ya tafi da jakuna. Haka Allah ya yi ni, da bakin nan kuma nake sayar da ƙuli-ƙulina, don mutum in yana dariya ba ya tsayawa ciniki. To amma wannan labarin ku karɓe shi yadda na ba ku. Mai shakka ga hannun nan ya duba. Da miƙaƙƙe ne kamar na kowa. Yanzu in na nuna wa baƙo hanyar Magarya da shi, sai ya kama ta Dungas.

Zamanin Nasara ne, bayan an daina kwasar mutane aikin dole, lokacin da gyaɗa ta haukata ƙasar nan. Ina aure a wani ƙauye kusa da namu, wajen wani mutum Illiya. A lokacin ba na faɗin sunan, sai dai in ce maigida. Yanzu ina faɗa har in maimaita: Illiya. Jakuna gare shi, yana kai gyaɗa sikeli. A waje in kun gan shi sai ku ce ko ƙuda ba zai kora da ƙarfi ba, gaisuwarsa ma sai ka kasa kunne. Kuma aurenmu ba shi kaɗai ba ne. Wana Musa yana auren ƙanwarsa Hajo, shekara ɗaya aka yi bukin biyu, manya suna ta murna wai zumunci ya ƙullu ta kowane gefe. Ku riƙe wannan, don nan maganar take.

Da mari ya fara. Kunnen nan na hagu har yau kamar an zuba mini ƙudan zuma a ciki, in kuna son gulmata ku zauna ta nan. Daga mari aka koma sanda, daga sanda aka koma ƙafa. Ciki ɗaya da Allah ya ba ni a gindin rumbu ya zube. Na yi yaji, aka zo biko. A wajenmu kuwa mace in ta yi yaji ba ta sa komai na gidan miji a bakinta. In ta ci, ta huce ke nan, ba sai an tambaye ta ba, sai ɗaure kaya. Yajina na farko goro ya maida ni. An miƙo, ina cikin surutu na ɓantara, kafin in haɗiye har an ɗora mini faifaina a ka. Na biyu na kame bakina, sai Baffa, ƙanen ubanmu da ya riƙe gidan bayan rasuwarsa, ya haɗa ni da Allah da Annabi, na koma.

Abin da ya kawo na ukun ba komai ba ne, wasu Buzaye ne suka tsaya gaban ƙwaryata a kasuwa. Ɗayansu ya ce ƙuli-ƙulin ya yi tauri, na ce ai shi ya sa ya dace da shi, ya saya ɗaya ya tsotsa har Agadas, saura ya bar wa magada. Layin nan duka ya ɗauki dariya. Illiya yana wucewa da jakunansa, ko kallona bai yi ba. Washegari da hantsi ina daka, ya zo ya tsaya a kaina, ya ce wai me na gaya wa maza har suke riƙe ciki. Ni a wautata sai na buɗe baki zan ba shi labarin, na ɗauka shi ma zai dara. Ya karɓe taɓaryar daga hannuna. Kaina ya nufa, na tare da hannu. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara.

Na naɗe hannun cikin zane na kama hanyar gidanmu. Da na shiga na tarar da Inna tana tsince wake, Yaya Musa yana gyaran igiya. Suka ce lafiya, na ce ya buge ni har na hango Kano. Yaya Musa ya tuntsire da dariya. Ban ga laifinsa a nan ba, ni na saba masu. Sai da na kwance zanen dariyar ta tsaya masa a wuya.

Hajo ce ta fara tashi. Ita da ni dama 'yan wasa ne, matar wana ce, ina ce mata matata, ina tsokanarta da giɓin da ke bakinta, wai ta nan sirrin gidan yake fita. Ranar ba wasa. Ta ɗora ruwa, ta shimfiɗa mini tabarmarta, ta riƙe kaina a cinyarta lokacin da maɗori ya zo ya ja hannun. Ihun da na yi, an ce kajin maƙwabta sun daina ƙwai. Ya jera tsinkayen kara, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure kamar mai ɗaure damin da za a kai Makka, ya ce kar a taɓa.

Kasuwa ta zagayo, hannu bai sauka ba. Yatsun suka kumbura kamar rogo, farcen ya yi baƙi. Zazzaɓi ya rufe ni, ina kwance ina ganin rufin ɗaki yana tafiya ya bar ni. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da iliminsa. Wata gwaggo ta ce a yi sakiya. Wata ta ce iska ce, a turara. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho a kafaɗa, ya zuƙe ɗan jinin da Illiya ya rage. Rubutu kuwa na sha har na ji in na yi gyatsa zan ja baƙi. Duk cikinsu babu wanda ya ce me ya sami hannun. Sai dai sannu, Allah ya sa kaffara. Kamar daga sama ya faɗo mini.

Hajo ke yi mini komai. Ita ke mini wanka, ita ke kai ni bayan gida ta tsaya ta juya baya, ita ke ɗaura mini zane. In na ƙi kunu ta ce, "Mijina, ko don ni, kar in zama bazawara." Sai in sha ina harararta. Wannan ba zan ɓoye ba ko a gaban Allah. Da hannun ya fara wari, kowa ya riƙa gaishe ni daga bakin ƙofa, ita kaɗai ke shigowa ba ta toshe hanci ba. Ita ce kuma ta tsaya wa Yaya Musa, ta ce in bai kai ni likita ba ita za ta goya ni ta kai.

Aka ɗora ni a jaki, Hajo na biye, sai Magarya, har da kwana a hanya. Jakin nan ina jin ɗan'uwan Illiya ne, duk ramin da ya gani sai ya taka. Muka sauka gidan wata 'yar garinmu. Magani dai Nasara ba ya karɓar komai, amma ciki da masauki ba ruwansu da Nasara, a nan akuyar Inna ta tafi, ita da ɗanta.

Layin gidan likita kuwa, in ka tsaya a ƙarshensa yaro ne kai, kafin ka kai ƙofa ka yi furfura. Masu kurkunu, masu gyambo, masu ciwon ido ana jan su da sanda. Ranar farko ba mu shiga ba. Ta biyu Hajo ta kama mana wuri tun ba a buɗe ba, rana ta take muka samu. Babban ma'aikacin wurin, wanda suke ce wa majo, wani dogo ne daga can bakin teku, Hausarsa kamar an daka ba a tankaɗe ba. Ya yanke ɗaurin nan da almakashi, ya kau da kai, ya latsa, na ambaci kakannina. Ya ce, "Se kase." Kalmar nan ta zauna mini har yau, wai ya karye ke nan. Na ce a raina, mun yi kwana a hanya don a gaya mini abin da na ji da kunnena. Ya ce da mun ƙara wata kasuwar, Damagaram zai tura ni a yanke hannun.

Sai ya tambaye ni me ya same ni. Ina haɗiye miyau in yi magana, Hajo ta riga ni. Ta ce saniya ce ta harbe ni wajen tatsa. Majo ya dube ta, ya duba hannun, ya duba tsofaffin tabon da ke bayana. Ya ce saniyar nan da sanda take yawo? Hajo ta sunkuyar da kai. Ya sake tambayata, ni kaina. Zazzaɓi na kaina, kunya na kaina, ga mutane cike da ɗaki, ga matar da ta gama wanke mini jiki da safen nan tana matsa mini ƙafa. Na ce saniya ce. Da muka fito ta ce ta faɗi haka ne don kar magana ta kai wa kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, a ɗaure mutum, abin ya zama abin faɗa a dangi. Na ce to.

Muka zauna Magarya ana wanke ciwon da wani ruwa mai kalar jinin kare, kullum kuma allura, fikir suke ce mata, kaurinta kamar mashi. Na gaya wa mai yin ta in ya gama ya ara wa Yaya Musa ya yi shuka. Sannu a hankali warin ya tafi, yatsu suka sauka, zazzaɓi ya sake ni. Majo ya ɗaure hannun da katako biyu, ya ce ƙashin ya riga ya fara kamawa a karkace, haka zai zauna. Ya ce in ci abinci mai kyau, ya sallame mu.

To ga inda nake so ku buɗe kunne.

Mun dawo gida ba akuya, rumbu ya yi ƙasa, ni kuma na rame har in iska ta taso sai an ɗora mini dutse. Kasuwa ta zagayo, Hajo ta tafi Guci ta dawo da kaza. Ta yanka, ta yi romo da yaji da daddawa, ta zauna tana yage mini tsoka tana sa mini a baki. Na ce matata, ina kika samo? Ta ce zaren da ta kaɗa ta sayar. Wata kasuwar ga kaza kuma, har da man shanu. Ta gaba ga zuma a ɗan tulu. Na ce lallai zaren nan naki da shi ake ɗinka wa kumandan wando. Ta yi dariya tana kallon murhu. 'Ya'yanta suna tsaye suna haɗiyar miyau, in na miƙa masu ƙashi sai ta kore su, ta ce na maras lafiya ne. Har kuka na yi ranar nan, na ce wace irin mace ce wannan, ta hana 'ya'yanta ta ba ni.

Akwai kuma wata tsohuwa, gwaggon su Illiya, da ta tsiri zuwa dubiya. Kuma ba ta zuwa sai kwano na gabana. Ta zauna ta ce ci, 'yata, ci, jiki ya yi kyau. Ni ina cewa tsohuwar nan hancinta ya fi na kura, ashe ba romon ta biyo ba.

Na yi ƙiba, kumatu suka fito, bakina ya dawo. Na fara zama ƙofar gida ina tsokanar masu wucewa. Na gaya wa Inna, na gaya wa Yaya Musa, na gaya wa Hajo tana yi mini kitso, cewa ni da gidan Illiya sai dai a lahira, can ma in an ba ni zaɓi a sa ni wata unguwa. Kowa ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ran nan da la'asar sai ga 'yan biko. Kawun Illiya, da limamin garinsu, da tsohuwar nan. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Baffa ya zauna, Yaya Musa a gefensa, aka kira ni. Na zo na durƙusa na kame bakina. Na riga na shirya, ko ruwa suka miƙo ba zan taɓa ba. Ina ta jira a fito da goro, ba a fito da shi ba. Kawun ya gama gaisuwa, ya ce su dai sun zo godiya ne, tun da yarinya ta huce, sai a sa ranar komawa.

Na ce, "Baffa, a yi mini gafara, yaushe na huce ban sani ba?"

Kawun bai dube ni ba, Baffa ya duba. Ya ce tun dawowarmu daga Magarya Illiya ke aiko da kaza duk kasuwa, da man shanu, da zuma, ta hannun ƙanwarsa. An ci, ba a maido ko ƙashi ba. Tsohuwar ta ce da idonta ta gani, ba sau ɗaya ba. Baffa ya ɗaga murya ya kira Hajo, ya ce haka ne? Tana bayan zana, ina hango ƙafafunta. Ta ce, "Ta ci."

Na juya wajen Yaya Musa, ya sami wata tururuwa a ƙasa yana bin ta da ido. A nan na gane ya sani. Wallahi taɓaryar Illiya ba ta shige ni kamar kalmar nan biyu ba. Shi dai na san abin da yake. Ita kuwa da bakinta take busa mini romon don kar ya ƙona ni.

Ban san lokacin da na fara kwance tsumman hannuna da haƙori ba. Katakon suka faɗi a tabarma. Na miƙa hannun tsakiyar zaure, a karkace, fatar duk ta saɓule, na ce, "To ga kajinsa nan, duk a nan suka shiga. Ya zo ya cire abinsa. Ai ya san yadda ake fasawa."

Liman ya kau da kai. Ba wanda ya yi dariya, kuma rabona da in yi magana a taro ba a dara ba, na manta. Baffa ya ce in rufe hannuna in rufe bakina, al'ada ba a kaina aka fara ta ba, jibi za a raka ni.

Na sami Hajo a bayan ɗaki tana wanke tukunyar da ba ta da datti. Na ce matata, me na yi miki? Ta ce ba ta yi don ta cuce ni ba, majo ya ce in ci mai kyau, gidan nan kuwa babu. Na ce sai ki gaya mini na wane ne, in zaɓa da kaina, ko in ci ko in mutu.

Ta ce, "Danginmu sun ce in ba ki koma ba, ni za a ɗauke. Habsu, 'ya'yana fa?"

Na ce, "Kin ga hannun nan yana wari. Ke kika wanke shi."

Ta ce, "Na san Illiya tun kafin ki san shi."

Na tsaya ina kallon bakinta. Na ce giɓin nan naki da nake ta tsokana, shi ma saniya ce? Ta ci gaba da wanke tukunya.

Na tambayi Inna ko ita ma ta sani. Ta ce ita dai ba ta tambaya ba.

Washegari da rana, maza suna gona wajen roron gyaɗa, na ɗaure hannuna na bi ayarin masu jakuna zuwa Magarya. Na sake bin layin nan, na shiga wajen majo, na ce na zo in gyara magana, saniyar nan sunanta Illiya. Ya ce ya sani, jira yake in faɗa da bakina. Shi ya haɗa ni da wanda ya kai ni gaban alƙali, ya kuma aika da abin da ya gani. Aka kira Illiya, ya zo yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar tabarma, kawunsa ya sake jero kaji. Alƙali ya ce in ɗaga hannuna, na ɗaga. Ya tambaya ko an gaya mini na wane ne kafin in ci, ba a sami mai shaidar an gaya mini ba. Ya raba auren.

Kar ku ce na ci riba. Kafin in dawo gida har dangin Hajo sun zo sun tafi da ita, da na goye a bayanta, manyan biyu an bar su suna bin zana suna kuka. Ni na riƙa dama masu kunu da hannu ɗaya, ubansu yana wuce ni kamar turmi. Yaya Musa ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Inna har ta koma ga Allah tana cewa bakina ya kashe aure biyu. Sai da damina ta zagayo aka yi ta kai da kawowa, sannan aka maido Hajo, ta rame kamar ni ranar da aka sauke ni daga jaki. Ban tambaye ta abin da ta gani a can ba. Matsar mai kuma na bar ta ke nan, hannu ɗaya ba ya juya tunkuza. Na koma sarin ƙuli-ƙulin wasu ina sayarwa, bakin dai yana nan.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan, na ga har yanzu shanu suna ta harbin mata a ƙasar nan, har matan da gidansu ko akuya babu. In an kai ki gaban likita, kar ki bar kowa ya amsa miki, ko wadda ta goyo ki ce. In kuma kina kwance aka kawo miki abin daɗi, ki yi godiya, sannan ki tambaya.

Ni da Hajo mun tsufa a gida ɗaya. Ba don ita ba da hannun nan yana cikin rami a Damagaram, na sani, na kuma faɗa mata. Har yau matata nake ce mata, 'ya'yanta ni suke kawo wa ƙararta. Ran sallar da ta wuce ta yanka kaza, ta zubo mini cinya guda, ta kawo har ɗaki ta ajiye a gabana. Na ce, "Kazar wa?"

Jikoki suka fashe da dariya, su a wajensu wasan tsofaffi ne. Ita ba ta yi ba. Ta tsaya riƙe da murfin kwanon, ta ce, "Tawa ce, Habsu. Ni na kiwata ta."

Sannan na sa hannu.